Minti Ukun da Aka Ba Matata a Majalisa

Ranar wata Laraba, da ƙarfe sha biyu da rabi na rana, matata ta miƙe tsaye a zauren majalisar ƙaramar hukumarmu ta yi magana ta minti uku. Ni ne nake zaune a ƙaramin teburin da ke ƙasan kujerar ciyaman da biro a hannu, domin aikina ke nan shekara ashirin da shida, in rubuta abin da aka faɗa a zama. Bayan wata goma ta rasu.

Na san ba wannan kuka zo nema ba. 'Yata ce ta buɗe mini shafin nan, wai in riƙa rubutu ko na rage yi wa bangon ɗaki faɗa, kuma ita ta jefa shi cikin rukunin labaran soyayya ba da shawarata ba. Wata yarinya ta rubuto mini jiya, "Baba, yaushe za a zo wajen soyayyar?" 'Yar nan, a cikinta muke tsundum. Ba laifina ba ne idan ta zo miki sanye da kasafin kuɗi.

Yayata ma ba ta bar ni na huta ba. Da safen nan saƙonta ya shigo:

"Shekara biyu ta cika fa. Akwai wata malamar asibiti a unguwarmu, mijinta ya rasu, mai hankali, ba ta da surutu ko kaɗan."

Na rubuta mata, "Yaya, na taɓa auren marar surutu."

"To ai shi ya sa na ce za ku dace."

Na kife wayar. Bari in gaya muku abin da na kasa gaya mata.

A majalisarmu akwai ƙa'ida ɗaya da mutanen gari ba su sani ba, mu kuma ba ma marmarin su sani. Duk ƙorafin da ya shiga littafin zama da sunan abin da ake kuka a kai, dole a miƙa shi ga kwamiti, dole kuma a ba da amsa a rubuce kafin a sa hannu a kasafin shekara. Wanda bai shiga ba kuwa, ba a taɓa faɗinsa ba, ko da mutum ɗari sun ji da kunnensu. Saboda haka gwanintar magatakarda ba a rubutu take ba, a ragewa take. Wani dattijo ya taɓa cinye minti ukunsa yana hawaye a kan kwalbatin da ya rufta da amalankensa, ni kuma na rubuta, "An saurari ra'ayoyin jama'a." Ciyamomi biyar na yi wa aiki, kowanne ya yaba mini tsabtar littafi. Ina komawa gida in zauna gaban kantar littattafaina in karanta yadda manyan masana suka tsine wa azzalumai, in gyaɗa kai, in ce lallai sun faɗi gaskiya.

Matata tela ce a layin teloli na babbar kasuwa. Rumfarta idan ka buɗe hannuwa biyu ka taɓa bango da bango. Baƙin keken ɗinki na ƙafa, gwangwanin maɓallai, igiyar awo a wuya, da almakashin da ba ta yarda ko 'yarta ta yanka takarda da shi. Matan layin Shiru suke kiranta. Shekara talatin da ɗaya muna tare, Malam take ce mini, kuma ban taɓa jin muryarta daga ɗaki zuwa tsakar gida ba. Ni a zatona ba ta da abin faɗa ne. Mai karatu da yawa yakan ɗauka duk wanda bai katse shi ba ya yarda da shi.

A shekarar, majalisa ta yanke shawarar gina maɓulɓular ruwa a shataletalen gaban sakatariya, mai fitilu kala uku. Da aka zo neman inda za a tsakuro kuɗin, sai aka sallami mata biyu masu wanke banɗakin mata na kasuwa, aka garƙame masa kwaɗo, wai na wucin gadi. Na maza ma an rufe, amma maza Allah ya hore musu bango. Ni na rubuta hukuncin da hannuna, "Daidaita yawan ma'aikatan wucin gadi." Ko kalmar banɗaki ba ta fito a ciki ba, kuma na ji daɗin jimlar.

Wata bakwai ina ganin abin a gidana ban gane ba. Ta daina shan shayin safe, ta ce ya fita daga ranta. Idan ta dawo da yamma sai ta wuce ni a tsakar gida da sauri, ko sannu babu, ta faɗa bayi. Ta fito ta tsaya gaban randa ta shanye kofi uku a tsaye, sannan ta zo ta ce, "Malam, barka da gida." Leɓenta ya tsattsage. Abin da kawai na lura da shi shi ne gaisuwata da ake jinkirtawa, har na taɓa yi mata gori a kai.

Wata rana tana ninke kaya ta ce, "Malam, idan mutum yana son ya yi magana a wajen aikinku, yaya ake yi?"

Ban ɗago daga littafi ba. "Ya ba mai gadi suna kafin ƙarfe goma. Minti uku ake bayarwa. Kuma ɓata lokaci ne."

"To," ta ce.

Ranar Larabar ta sa shuɗiyar atamfar da ta ɗinka lokacin da 'yarmu ta gama makaranta, da farin mayafi da ta goge har ya yi kaifi, da takalmin da take ajiyewa a kwali. Na ɗauka dubiya za ta. Ban tambaya ba.

Zauren majalisa dogon tebur ne da koren ƙyalle a kai, kansiloli goma sha biyu, gaban kowa robar ruwa biyu da kofin gilashi a kife. A hannun hagu akwai wata ƙofa mai ruwan ƙasa wadda kowa ya san inda take kaiwa. Bencinan baya na jama'a ne, kuma a ranar da aka cika ba ya wuce tsofaffi uku da wani mai taɓin hankali da yake zuwa shan fanka. Ranar kuwa da na shigo na tarar da bencinan maƙil da mata. Masu kifi, masu hatsi, masu kitso, teloli, har da tsohuwar da ke sayar da tsintsiya a bakin ƙofar kasuwa. Sun fi sittin. Kowace ta ɗora robar ruwa a cinya ba a buɗe ba. A layi na biyu na hango farin mayafin da na sani. Ba ta kalle ni ba.

Awa biyu da rabi suna zaune, ko tari babu. Kansiloli suka yi ta muhawara a kan ko fitilar tsakiya ta zama ja ko ruwan ɗorawa. Sannan aka zo lokacin jama'a, ciyaman ya duba takarda yana hamma.

"Ta huɗu. Tela, daga layin teloli. Minti uku, baiwar Allah, kuma a taƙaita."

Ta miƙe. A hannunta akwai wani siririn ƙyalle, irin ragowar da take sharewa daga ƙasan keke. Muryar da ta fito ban santa ba. Ba ta da ƙarfi, amma har bayan zaure ta kai.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba, awo kawai na iya. Tun da kuka zauna ƙarfe goma nake awo. Duk wanda ya tashi ya bi ƙofar can ta hagu, sai in soka allura ɗaya a ƙyallen nan." Ta ɗaga shi, allurai suna ƙyalli. "Goma sha tara ne. Uku naka ne, ranka ya daɗe."

Wani kansila ya tuntsire da dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya mai da ita tari.

"Ba abin dariya ba ne, kuma ba abin kunya ba ne," ta ce. "Haka Allah ya gina ɗan Adam, wanda ya sha zai fita. Mu ma mun gano haka, shi ya sa muka daina sha. Muna buɗe rumfa bakwai na safe mu rufe shida na yamma. Wata bakwai ke nan ba mu sa ruwa a baki tsakanin nan da can. Ga mai kifi can, goyonta wata huɗu, nononta ya ƙafe. Ga mai kitso, cikinta ya tsufa, sau biyu tana yanke jiki ta faɗi. Akwai wadda ba ta zo ba yau. Ta haifi da yawa daga cikinku. Abin ya kufce mata a gaban masu ciniki, ta naɗe tabarmarta, ba ta sake tako kasuwa ba. Shekara arba'in tana biyan kuɗin rumfa."

Ciyaman ya buɗe baki. Ta ce, "Saura minti ɗaya da rabi, ranka ya daɗe, ina kallon agogon," ya rufe.

"Ba mu zo mu hana ku maɓulɓula ba. Mun ga zanenta a bakin titi, tana da kyau. Za mu riƙa wucewa muna kallon ruwan yana tashi sama. Roƙo ɗaya muka kawo." Ta sa hannu a jaka ta ciro sabon kwaɗo, makullansa biyu suna lilo. "Wannan da kuɗina na saya. A sa shi a ƙofar can har a tashi zaman yau. Ba mu ce sai ƙarfe shida ba, zuwa huɗu kawai. Idan kun iya, wallahi ba za ku sake ganin ƙafarmu a nan ba, mu ne ba mu da haƙuri."

Ta tako ta ajiye kwaɗon a kan koren ƙyallen, daidai gaban ciyaman, ta ɗora robar ruwanta kusa da shi. Sai matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Babu turereniya, babu magana, sai ƙarar silifa a siminti. Kowace ta zo ta ajiye tata. Teburin ya cika har aka rufe takardun kasafin, har wani kansila ya janye wayarsa.

"Wannan ruwanmu ne na yau," matata ta ce. "Ku sha mana, tunda ku kuna da inda za ku kai shi. Na gode."

Ta koma ta zauna. Da saura daƙiƙa goma a lokacinta.

Jama'a, na karanta jawaban sarakuna da na lauyoyi da na waɗanda aka kai gindin igiya. Na haddace wasu. Ban taɓa zama a ɗaki ɗaya da irin wannan ba. Matar da nake yi wa gyaran kalma a gaban baƙi ce ta auna maza goma sha uku kamar yadi, ta yanka, ba ta bar ko zare yana reto ba. Na ji kamar wanda ya shekara talatin yana jingina da wani bango yana hutawa, sai yau aka gaya masa dutse ne da ake tahowa daga nesa a gani. Idona ya cika, na sunkuyar da kai a kan littafi kada kansiloli su gani. A nan na lura shafin fari ne fat. Tun da ta buɗe baki biron bai taɓa takarda ba.

Akwai kansilan da ya riga ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera kafin ta fara. Ya koma ya zauna a hankali. Babu wanda ya taɓa kwaɗon, babu kuma wanda ya iya bin ƙofar hagu mata sittin suna kallonsa. Suka riƙa musayar ƙafa a ƙarƙashin tebur, masu ciwon suga suna zufa. Ƙarfe ɗaya da minti goma ciyaman ya ɗage zaman, mafi gajarta da na taɓa gani, kuma matan ba su gama fita ba manyan gari suka cushe a ƙofar nan kamar awaki a bakin turke.

Da rana ciyaman ya aika aka kira ni ofishinsa. Yana goge hannu da tawul.

"Magatakarda, ashe iyalinka ce."

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ma sha Allah. Akwai baki." Ya zauna. "Saura wata nawa ka ajiye aiki?"

"Goma sha huɗu."

"Allah ya kai mu lafiya. Ka ga takardun sallama sai sun bi ta teburin nan, kuma wani lokaci fayil yakan ɓata, abin ba daɗi. Amma kai ba a koya maka aiki."

Bai ce in goge komai ba. A gidan hukuma ba a cewa a goge, addu'ar tsawon rai ake yi maka. Kuma babu abin gogewa ma, shafin fari ne. Sai dai maganar tana kaina kalma da kalma, kamar yadda kuka gan ta a sama, kuma layi biyu sun isa: an kawo ƙorafi kan rufe banɗakin mata na kasuwa, an nemi a buɗe. Da na rubuta haka, dole kwamiti ya zauna, dole a ba da amsa kafin a taɓa kuɗin maɓulɓula. Na zauna a ofishina har la'asar da biro a hannu. Na tuna fansho, na tuna 'yarmu da ba ta sami aiki ba, na tuna rufin ɗakin baya. Dalilai suka yi ta zuwa, kowanne da rigarsa mai kyau. Matsoraci ba ya rasa lauya. Na rubuta, "An saurari ra'ayoyin jama'a," na sa hannu.

Da na koma gida ta riga ta cire atamfar, ta ɗaura tsohon zaninta na aiki. Ta kawo tire ta ajiye, amma ba ta tashi ba. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen zanin.

"Malam, ka yi haƙuri."

"Da aka yi me?"

"Na ga lokacin da ka sunkuyar da kai. Na san na zubar maka da girma a gaban mutanenka, ina ambaton abin da ba a ambata. Wallahi da akwai wadda za ta tashi da ban tashi ba. Su suka ce lallai sai ni." Ta ɗan yi murmushi. "Wai tunda mijina ne mai rubutawa, tawa ba za ta faɗi ƙasa ba."

Ga ƙofa nan a buɗe, ta buɗe mini da hannunta. Amma idan na gaya mata abin da na ji a zauren, sai ta tambaye ni abin da na rubuta. Na ja tiren gabana na ce, "Ya wuce."

Ku sake karanta wannan. Ita ta ba ni haƙuri, ni kuma na karɓa.

Ranar Juma'a aka liƙa rahoton zaman a allon sanarwa na sakatariya. Daga tagar ofishina na hango ta ita da mai kifi da mai kitso. Ta bi layukan da yatsa tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda take bin ɗinki tana neman inda ya kwance. Ta kai ƙarshe, ta koma sama ta sake. Mai kifi ta faɗi wata magana tana nuna benenmu da haɓa. Matata ba ta ɗago ba. Da yamma ta wuce ni da sauri, ta fito ta sha kofi ukunta, ta ce, "Malam, barka da gida." Ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Daga baya 'yata ta gaya mini a layin an daina kiranta Shiru, an koma Matar Biro, kuma tana amsawa.

Kwaɗon kasuwa ya zauna inda yake. An buɗe maɓulɓula da kiɗa da jawabai, ta yi sati shida tana aiki, injinta ya ƙone. Yanzu ledoji ne a ciki.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Likita ya yi maganar ƙoda da hawan jini, na tsare shi a baranda na tambaye shi ko rashin shan ruwa ne. Ya ce abubuwa da yawa kan haɗu, ba zai iya ɗora wa abu ɗaya ba. Mutumin kirki ne, ya iya rubuta rahoto irin nawa.

Sati uku tana kwance a asibiti, kullum ina zuwa da maganar a bakina. Yau 'yan dubiya sun cika ɗakin, gobe tana barci, jibi in ce bari ta ɗan ji ƙarfi. Ranar ƙarshe da hantsi muka samu mu biyu. Na jawo kujera na ce, "Akwai abin da nake so in gaya miki tun ranar majalisa."

"Malam, ai ka ce ya wuce." Ta lumshe ido. "Ka gaya wa 'yarka akwai rigar matar mai shago a ƙarƙashin keke, saura hannu ɗaya. Kada ta ba ta a haka."

Sai nas ta leƙo da takarda, ta ce a sayo allurar nan yanzu-yanzu, babu ita a asibitin. Na karɓa na fita da sauri, kuma Allah ya sani har da jin sauƙi na fita. Sai a kantin magani na uku na same ta. Da na dawo an ja labule.

Fanshona yana shigowa kowane wata, ko kwana ɗaya ba ya latti. Fayil ɗina bai ɓata ba.

Ta tafi tana zaton ta kunyata ni. Abin da na ja kujera zan faɗa bai kai minti uku ba, bai ma kai ɗaya ba:

Ba kunyarki na ji ba ranar nan. Na sunkuya ne don ban isa in kalle ki ba.